Tsohon Ginin Cavendish: Inda Gani Ya Kori Ji

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, amma ba sai an nemi biza ba. Garin Kambirij za mu, a ƙasar Ingila, wani lungu mai suna Free School Lane. Lungu ne matsattse, irin wanda mota ɗaya ma sai da dabara. Idan ka shiga, za ka tarar da wani gini na dutse mai hawa uku, da ƙofar zaure mai baka, da manyan ƙyamare na katako waɗanda aka sassaƙa wa wata ayar Zabura da harshen Latin, mai magana a kan ayyukan Ubangiji. Baƙon da bai sani ba zai ɗauka coci ne, ko gidan wani tsohon attajiri, ya wuce abinsa. To wannan shi ne tsohon ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na Cavendish. Shekara ɗari cif aka yi ana aiki a cikinsa, daga 1874 zuwa 1974, kuma wannan akwatin rediyo ko wayar da kuke saurarena da ita, idan aka bi salsalarta, sai an ratsa ta wannan ƙofa.

Bari in fara da wani abin da ya faru da ni. A makarantar sakandaren da na yi, muna da ɗakin gwaji, har da allon suna a ƙofa. Shekara uku na yi ina karatun kimiyya a wurin, sau biyu rak na ga cikinsa, ɗaya daga ciki ma shara aka sa mu. Idan za a koya mana gwaji, malam zai zana kwalba a allo, ya zana wuta a ƙarƙashinta, ya ce ruwan zai koma shuɗi. Mu rubuta: ruwan zai koma shuɗi. Har muka gama ban taɓa ganin shuɗin nan da idona ba.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, Kambirij ɗin da ake ji da ita, haka take kafin 1870. Lissafi ne sarki a can. Ɗalibi zai iya warware lissafin tafiyar taurari a takarda, amma bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Akwai ma wani babban malamin lissafi, Isaac Todhunter, da ya fito fili ya soki batun nuna wa ɗalibai gwaji. Hujjarsa ita ce, idan malami dattijo ne mai ilimi da mutunci, ya faɗa wa yaro abu, ai ya isa. Neman a gani da ido rashin yarda da malam ne. Kun ji fa. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu.

Amma a lokacin Jamus ta yi nisa, jami'o'inta suna da ɗakunan gwaji, Gilasgo tana da nata, Okusfod ta fara gina nata. A 1869 wani kwamiti ya ce wa hukumar jami'a lallai a ɗauki farfesan kimiyyar gwaji, a gina masa wurin aiki, kuɗin ya kama fam 6,300. Sai aka shiga kallon-kallo. Kwalejojin da ke da dukiya kowace ta noƙe. Maganar ta kusa bin ruwa, sai a 1870 uban jami'ar, William Cavendish, mai sarautar Duke na Devonshire na bakwai, ya ce shi zai biya daga aljihunsa. Shi kansa gwanin lissafi ne tun yana ɗalibi, ga kuma hannu a masana'antar ƙarfe, don haka ya san amfanin abin. Da kuɗin ginin ya zarce kiyasi, ya haura fam dubu takwas, bai yi ƙorafi ba, ya cika.

Saura wanda zai riƙe wurin. An nemi William Thomson na Gilasgo, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya ce a kai kasuwa. An nemi Helmholtz na Jamus, shi ma ya ƙi. Sai aka koma kan na uku, wani ɗan Sikotland da ya ajiye aikin koyarwa ya koma gonarsa, James Clerk Maxwell. Aka naɗa shi a 1871.

Masu sauraro, ku riƙe sunan nan, domin da bazarsa muke rawa a gidan rediyo. Tun a 1865 Maxwell ya nuna da lissafi cewa wutar lantarki da maganaɗisu 'yan gida ɗaya ne, kuma suna iya tafiya a sarari kamar igiyar ruwa, da saurin haske, ba tare da waya ba. Mutane ƙalilan ne suka fahimce shi. Sai bayan rasuwarsa da shekara takwas wani Bajamushe, Heinrich Hertz, ya samar da waɗannan igiyoyi a ɗakin gwaji. Su ne suke ɗauke da muryata yanzu haka zuwa ɗakunanku.

Maxwell bai bar wa magina aikin su kaɗai ba. Ya zauna da mai zanen ginin, W. M. Fawcett, suka bi ɗaki ɗaki. A ƙasa, can ƙarshen gini, ya ware ɗakin auna maganaɗisu, ya sa aka nisanta ƙarfe daga wurin, domin ƙusa ɗaya tana iya karkatar da allurar ma'auni. Teburan aiki kuwa ba a kan daɓe aka ɗora su ba. Ginshiƙai aka yi musu na dutse da bulo, masu tushensu daban, yadda ko mutum ya taka da ƙarfi ya wuce, abin da ke kan tebur ba zai girgiza ba. A sama aka yi ɗakin lacca mai kujerun katako hawa-hawa, mai ɗaukar mutum wajen 180. Tagogi manya, saboda a lokacin babu lantarki a gari, hasken rana shi ne fitila. Aka buɗe ginin a watan Yuni na 1874.

Sunan Cavendish da aka sa wa wurin ya haɗa mutum biyu: mai kyautar, da wani kakansa na dangi, Henry Cavendish, wanda ya rasu a 1810. Wannan Henry wani irin mutum ne. Attajiri ne na gaske, amma kunya ta hana shi sakewa da mutane, har masu aikin gidansa da takarda yake ba su saƙo. Shi ya fara bayyana iskar haidurojin, shi ya auna nauyin duniya a 1798. Ya yi tarin bincike a kan lantarki ya zuba a akwati bai buga ba. Da aka danƙa wa Maxwell takardun, sai ya ga mutumin, da yake ba shi da na'urar auna ƙarfin wuta, jikinsa yake sa wa: ya taɓa waya, wuta ta ja shi, ya rubuta ko a yatsa ta tsaya ko ta kai gwiwar hannu. Maxwell ya shafe shekara biyar yana tace takardun nan yana maimaita gwaje-gwajen, har baƙi idan sun zo yakan nemi su miƙo hannu a gwada da su. Littafin ya fito a 1879. A shekarar ce kuma ciwon daji na ciki ya ɗauke Maxwell, yana da shekara 48.

Wanda ya gaje shi, Lord Rayleigh, shekara biyar kawai ya yi, amma shi ya mayar da wurin makaranta sosai: ya tsara darussan gwaji, ɗalibai da yawa, kowa da teburinsa da littafin rubuta abin da ya gani. A zamaninsa ne, a 1882, aka buɗe wa mata ƙofa. Wata mata ma, Eleanor Sidgwick, da ita ya yi aikinsa na daidaita ma'aunin lantarki. Sai dai kada mu yi saurin tafa wa Kambirij: mace ba ta samu cikakken digiri a jami'ar ba sai 1948.

(Gajeren kiɗa)

A ƙarshen 1884 aka ba wani matashi ɗan shekara 28 kujerar, J. J. Thomson. Manya suka yi ta guna-guni, wai an ba yaro riƙon gida. Abin dariyar kuma, Thomson ba shi da hannu. Kwakwalwa kam akwai, amma in ya taɓa kayan gilashi sai an yi asara, har mataimakansa sukan yi dabara su raba shi da na'urorinsa. Wanda ya rufa masa asiri shi ne Ebenezer Everett, mai hura gilashi.

Ku tsaya mu kalli aikin Everett, domin littattafan makaranta ba sa ambatonsa. Zai ɗauki bututun gilashi ya kara a harshen wuta yana juyawa har ya yi laushi kamar danƙo, ya sa baki ya hura, ya fitar da ƙoƙo a wannan gefe, wuya a wancan, ya cusa wayoyi da faranta na ƙarfe a ciki, ya liƙe yadda ko iskar da ta kai ƙwayar gero ba za ta shiga ba. Daga nan sai zuƙe iskar da ke ciki, da famfon zaiba da ake ɗagawa ana saukewa da hannu, wani lokaci kwana da kwanaki. Ana gab da gamawa kwalba ta tsage, a koma farko. Da irin wannan kwalba, wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, Thomson ya yi aikin da ya sa sunansa a tarihi a 1897.

Ga yadda abin yake. Tun zamanin Girkawa ake cewa idan ka yi ta raba abu, za ka kai ga ƙwayar da ba ta rabuwa, ƙwayar zarra. Thomson ya saki lantarki a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, wani haske ya fito daga wannan ƙarshe ya bugi wancan, ya bar ɗigo mai ƙyalli. Ya kawo maganaɗisu, ɗigon ya matsa. Ya sa wuta a farantan nan na ciki, ɗigon ya sake matsawa. Daga gwargwadon matsawar ya yi lissafi, ya gano cewa abin da ke gudu a kwalbar wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne da suka fi ƙwayar zarra mafi sauƙi rashin nauyi nesa ba kusa ba. A ma'aunin yau, kusan sau dubu biyu. Ko da wane irin ƙarfe ya gwada, su ɗin ne dai suke fitowa. Ashe ƙwayar da aka ce ba ta rabuwa tana da 'ya'ya a ciki. Su ne ilektiron. Dattawan da suka yi zamani da rediyo mai kwalabe, wadda sai ta yi ɗumi kafin ta yi magana, da talabijin mai ƙusumbi, to jikokin kwalbar Everett ne kuka yi amfani da su.

Wani abu ya faru shekara biyu kafin wannan, wanda a ganina ya kai gano ilektiron muhimmanci. A 1895 jami'ar ta yarda ɗaliban da suka yi digiri a wasu wurare su zo su yi bincike. Kafin nan sai ɗan gida. Cikin waɗanda suka fara shigowa akwai wani ƙaton saurayi ɗan manoma daga Niyu Zilan, mai murya kamar ganga, Ernest Rutherford. Ana ba da labarin cewa yana haƙar dankali a gonar mahaifinsa saƙon samun tallafin karatu ya iske shi. Kuma abin da ya fara yi a Kambirij, na'urar kama igiyar rediyo ce, har ya kama saƙo daga nisan rabin mil, a lokacin da Marconi bai yi suna a harkar rediyo ba. Thomson ya kuma ƙirƙiro al'adar shan shayi da la'asar, inda farfesa da ɗalibi za su tsaya da kofi a hannu ana musu. A cikin wannan gida C. T. R. Wilson ya ƙera akwatin gilashi mai haɗa hazo, wanda a 1911 ya nuna sawun ƙwayoyin da ido ba ya gani, kamar yadda mafarauci ke ganin sawun dabba a rairayi. A nan Francis Aston ya ƙera na'urar auna nauyin ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Edward Appleton ma a nan ya goge, wanda a 1924 ya tabbatar da cewa akwai wani rufi a sararin sama da ke maido da igiyar rediyo ƙasa. Ku da kuke kama tashoshin ƙetare a gajeren zango, daga wannan rufin muryar ke faɗo muku.

Rutherford ya tafi Kanada, ya dawo Manchesta, a can ne ya gano cibiyar ƙwayar zarra a 1911. Wannan ba a Cavendish aka yi ba, a ba kowa haƙƙinsa. A 1919 ya dawo ya karɓi kujerar malaminsa Thomson.

Zamaninsa ne ake yi wa kirari da zamanin zare da danƙo, domin da tarkace ake haɗa kayan aiki. Mai kula da sito, Fred Lincoln, ya yi suna wajen maƙo: waya da awo yake bayarwa, sukurori da ƙidaya. Ana ba da labarin wani ɗalibi da ya nemi guntun bututun ƙarfe, aka miƙa masa zarto aka nuna masa wani tsohon keke da aka yasar a tsakar gida. Ƙarfe shida na yamma kuma ake rufe wurin, ko kana tsakiyar gwaji. Rutherford ya ce a je gida a yi tunani. Shi kuwa idan ya shigo yana waƙar coci da ƙarfi, an san aiki na tafiya daidai. Muryarsa har na'urori take firgitawa, sai da aka rataya wata fitila mai rubutun roƙon a yi magana a hankali, kowa kuma ya san da wa ake.

Sai shekarar 1932. A watan Janairu, 'yar Marie Curie, Irène, da mijinta Frédéric Joliot suka buga wani sakamako daga Faris: sun ga wani haske mai ratsa abubuwa yana fitar da ƙwayoyi daga cikin kakin kyandir, suka fassara shi a matsayin wani nau'in haske mai ƙarfi. Mataimakin Rutherford, James Chadwick, ya karanta ya ce lissafin bai hau ba. Shi da maigidansa sun fi shekara goma suna neman wata ƙwaya marar cajin lantarki da Rutherford ya yi hasashenta tun 1920. Chadwick mutum ne shiru-shiru da ya sha wuya. Yaƙin duniya na farko ya rutsa da shi a Jamus, ya yi shekara huɗu a tsare a wani barga na dawakin sukuwa. Sinadarin da ya yi aikin da shi ma daga tsofaffin kwalaben da wani asibiti a Baltimo ta Amurka ya gama amfani da su aka tatso. Ya rufe kansa wajen mako biyu, barci sai ɓarawo, a watan Fabrairu ya fito da hujjar wannan ƙwaya da suke nema, wato niyutiron.

Bayan wata biyu, a wani ɗaki na gidan, John Cockcroft da Ernest Walton suka kammala wata na'ura mai tara wuta ta dubban ɗaruruwan bolt. Dogayen gilasan da suka jera irin na famfon sayar da fetur na wancan zamani ne, mahaɗan kuma da yumɓun wasan yara suka toshe. A ƙarƙashin na'urar suka yi wani ɗan akurki na katako da aka lulluɓe da darma. Ranar 14 ga Afrilu, Walton ya kunna wuta, ya rarrafa ya shiga akurkin don kada wutar ta kama shi, ya sa ido a madubi, sai ya ga walƙiya ƙanana suna ta ƙyaftawa kamar taurari. Ƙwayar sinadarin litiyam ce take rabewa biyu. Aka kira Rutherford, aka lanƙwasa shi da ƙyar aka tura shi cikin akurkin, ya gani da idonsa. Karo na farko ke nan da ɗan Adam ya fasa cibiyar ƙwayar zarra da na'urar da ya ƙera da hannunsa.

To a nan ina da magana. Mutane suna son labarin zare da danƙo, musamman masu riƙe da baitulmali, domin yana nuna kamar ilimi ba ya bukatar kuɗi. Ba haka ba ne. Tsumulmular da ta yi rana a 1932 ita ta kusa durƙusar da gidan bayan shekara uku. A Kalifoniya, Ernest Lawrence yana ta gina manyan na'urori masu juya ƙwayoyi, Rutherford kuwa ya ƙi neman kuɗi wurin masu masana'antu. Chadwick ya nemi a gina irin na'urar, aka hana, ya tattara ya koma Libaful a 1935. Wasu ma suka watse. Sai a 1936 da mai kamfanin motoci, Herbert Austin, ya ba da fam dubu 250, aka samu aka yi sabon reshe. Zaren da danƙon sun yi aiki ne saboda akwai ƙwararrun masu hura gilashi da maƙera da ake biya albashi, akwai laburare, akwai malamai da ba sa tunanin abin da za a ci gobe.

Rutherford kuma, duk da basirarsa, ya yi kuskure ɗaya babba. A 1933 ya ce duk mai tsammanin samun makamashi daga fasa ƙwayar zarra mafarki yake yi. Ya rasu a 1937. Shekara ɗaya bayan haka aka fasa yuraniyom a Jamus da niyutiron ɗin Chadwick, shekara takwas bayan rasuwarsa bam ya faɗa Hiroshima, Chadwick ɗin kuma shi ya jagoranci tawagar Birtaniya a aikin ƙera shi. 'Yan'uwanmu na Arlit a Nijar, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971, sun san sauran labarin fiye da ni.

Kafin mu bar zamanin nan, idan Allah ya kai ɗayanku, ya shiga tsakar gidan ya duba bangon wani gini mai zagayayyar fuska da ake kira Mond. Zai ga kada an sassaƙa a jikin bulo. Wani Barashe ne, Pyotr Kapitza, ya sa aka yi, domin Kada shi ne laƙabin da ya sa wa Rutherford. Wasu sun ce don kada ba ya waiwaye, wasu sun ce don tun daga nesa ake jin tahowarsa. An buɗe ginin a 1933 domin aikin Kapitza. Shekara na zagayowa ya je ganin gida, gwamnatin Stalin ta hana shi fitowa, daga baya ma ta sayi kayan aikinsa aka kai masa Mosko. Kadan dai yana nan.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, kashi na ƙarshe shi ya fi kusa da gidajenmu.

Bayan Rutherford, Lawrence Bragg ya karɓa, mutumin da ya samu lambar Nobel yana ɗan shekara 25. Fanninsa shi ne haska abu da hoton ƙashi, wato eksire, don gano yadda ƙwayoyinsa suka jeru. Ya tarar da wani ɗan gudun hijira daga Ostiriya, Max Perutz, yana fama da himogilobin, sinadarin da ke sa jini ja, mai dakon iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. Mutane suna ganin aikin ɓata lokaci ne, me ya haɗa gidan fiziks da jinin dokin da yake gwaji da shi? Bragg ya tsaya masa. Shekara ashirin da 'yan kai Perutz ya yi kafin ya ga siffar abin.

A ƙarƙashin wannan rukuni ne Francis Crick da James Watson suka zauna a wani ɗaki a reshen Austin. Sun taɓa gwada fitar da siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gado daga iyaye zuwa 'ya'ya, suka kwafsa, har Bragg ya ce su bar aikin. Suka koma a farkon 1953. Da maƙeran gidan suka yi jinkirin kawo musu farantan ƙarfe, Watson ya yanka kwali ya ci gaba da jerawa, ranar 28 ga Fabrairu abin ya hau: igiya biyu a murɗe da juna kamar tufkar igiyar rama. Amma gaskiya ɗaya ce. Ma'aunan da suka dogara da su na wata mata ce a Landan, Rosalind Franklin, kuma an nuna musu hoton da aka ɗauka a ɗakin aikinta da rahotonta ba da saninta ba. Ta rasu a 1958 tana da shekara 37. Da aka raba Nobel a 1962 ba ta duniya, kuma ba a ba mamaci.

Wanda nake so ku riƙe shi ne Vernon Ingram. A 1956, a wani ɗan ɗaki a harabar nan, ya ɗauki himogilobin na mai lafiya da na mai ciwon sikila, amosanin jini. Ya sa wani sinadari ya daddatsa kowanne gunduwa-gunduwa, wajen talatin, ya ɗiga a takarda mai tsotsar ruwa, ya sa mata lantarki, gutsattsarin suka bazu kowanne ya kama wurinsa kamar zanen yatsa. Ya ajiye takardun biyu gefe da gefe. Komai iri ɗaya, sai ɗigo guda da ya kauce. A shekara mai bi ya gano abin da ke cikin ɗigon: a wata sarƙar himogilobin mai ƙwaya 146, ƙwaya ɗaya tak ce aka musanya, ta shida. Wannan musanya ita ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe jijiya, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi, uwa ta kwana a zaune. Shi ne karo na farko da aka nuna ƙarara yadda canji ɗaya a gado ke haifar da cuta. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan lalura, don haka duk wanda ya je gwajin jini kafin aure aka ce masa AA ne ko AS, ya sani cewa bayanin bambancin da ke tsakanin haruffan nan, a wannan lungu aka warware shi.

Daga nan gidan ya cika ya batse. Masu nazarin halittu suka zauna a wata rumfar wucin gadi a tsakar gida kafin su tashi a 1962. Masu sauraron taurari da rediyo suka kafa turakunsu a bayan gari, inda wata ɗaliba, Jocelyn Bell, ta gano wani sabon nau'in tauraro mai bugawa kamar zuciya a 1967. Ita ma da Nobel ta zo a 1974, malaminta aka ba. A shekarar ce aka kwashe kaya aka koma sabon wuri a yammacin gari. A 2025 an buɗe wani sabon katafaren gini, da gudunmawar fam miliyan 85 daga iyalan Ray Dolby, mutumin da ya yi digirinsa na uku a Kambirij, wanda kuma ya ƙirƙiro hanyar rage shuuu ɗin da ke cikin kaset. Kimanin mutum talatin da suka yi aiki a Cavendish ne suka samu Nobel.

Tsohon ginin ba a rushe shi ba. Wasu sassan jami'ar suka gaje shi, ginin mai kada ma an taɓa mayar da shi cibiyar nazarin Afirka. A bangon lungun akwai allo da ke shaida cewa a nan aka gano ilektiron, masu kekuna suna wucewa ta gabansa safe da yamma.

Lokaci ya yi halinsa. Roƙona ga shugabannin makarantu da malaman kimiyya da ke saurarenmu: ɗakin gwajin nan da mabuɗinsa ke cikin aljihun tebur, don Allah a buɗe shi ranar Litinin, ko da kwalba biyu ce ta rage a ciki, a bar yara su ga ruwan ya koma shuɗi.  

(Kiɗan rufe shiri)